Damtsen Inna

Ni ce 'yar farin Inna, shi ya sa ba ta kiran sunana, ba ta cin abinci a gabana. In tana son aikena sai ta dubi ƙofa ta ce, "Wata ta miƙo mini ruwa." A haka na tashi, ban taɓa jin zafin abin ba.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka gano tana da ciwon daji a nono. Likitan Madawa ya ce akwai magani a Yamai, amma jikinta ba zai ɗauka ba sai ta yi ƙiba. Garinmu, can wajen Tama, babu sikeli, sai wata ma'aikaciyar asibitin ta ba Baba ɗan tef na awon damtse. Ta ce a riƙa aunawa kowace Juma'a, a kuma lura da abin da take ci. Ni kaɗai ke karanta lamba a gidan, aikin ya faɗo kaina.

Ranar farko Inna ta miƙo hannu ta juya fuska ga bango. Rabona da taɓa jikinta tun ina ƙarama. Fatar ta yi laushi kamar tsohon zane, awarwaronta na azurfa kuwa, wanda da yake tsayawa cif a wuyan hannu, ya zame har gwiwar hannu.

"Ki matse a hankali," in ji kakata. "Ba buhun albasa ba ne."

Inna ta yi 'yar dariya, ba ta juyo ba.

Abinci sai dai in ajiye mata in fita. Kunun gyaɗa, ƙwai, wani lokaci romon kan akuya. Kwano yana dawowa babu komai, Baba yana ce wa masu gaisuwa, "Da sauƙi, tana ci." Amma kowace Juma'a tef ɗin sai ya ƙara shigewa ciki. Daga baya na lura kajinmu sun daina zuwa wurin turmi, suna taruwa a ƙarƙashin tagar ɗakinta, kuma ƙasar wurin ba ta bushewa.

Ban faɗa wa kowa ba. Washegari na ajiye kunu, na zauna a bakin tabarma.

"Wata ba ta da lakwal yau?" Inna ta tambayi bango.

Ban tashi na tafi makarantar ba. Can ta ɗauki ludayi ta kai baki, na ga yadda maƙogwaronta ke kokawa da kurɓi ɗaya, har hawaye ya fito mata. Ta ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata, ba ta so Baba ya san ƙwansa na tafiya a banza. Tun daga ranar muka koma kaɗan-kaɗan, ina zaune, tana ci a gabana.

Da muka koma Madawa bayan girbi, ta hau sikeli, likita ya duba, ya ce a ƙara haƙuri tukuna. Ba a je Yamai ba.

Juma'ar ƙarshe da na zo da tef, ta janye hannunta.

"Bar shi haka nan," ta ce, ta kira sunana, a hankali, kamar mai gwada takalmin aro.

Ta sauke hannu, awarwaron ya zare da kansa ya faɗi kan tabarma. Ta turo mini shi da yatsa. Na sa, ya zauna mini daidai.