Ranar da Ƙadangare Ya Faɗi a Gindin Tsani

Shekara ashirin da shida yana buga kwanon rufi bai taɓa zamewa ba, shi ya sa abokan aiki suke ce masa Ƙadangare. Gwiwoyinsa kam sun daɗe da gajiya, bai dai gaya wa kowa ba. Kullum kafin ya taka tsani sai ya haɗiye ƙwaya biyu ta kashe ciwo, irin wadda ake saye a kemis ba takardar likita. A jakar ƙusa yake ajiye su. A wurinsa ba magani ba ne, kayan aiki ne kamar guduma.

Da fitsari ya fara yi masa zafi, matarsa ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ta rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai, ta ce, "Baba, kana shan wani magani?"

"Ni? Rabona da magani har na manta."

Abin takaicin, har zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

A kwana na huɗu yana tsugune a gindin tsani yana zaɓen ƙusa, jikinsa ya sandare, ya kife yana shure-shure, kumfa a baki, a gaban magina da ɗan kwangila. Da an ƙara minti biyu, da a sama abin zai same shi. Babu wanda bai yi wannan tunanin ba.

Da aka zazzage jakarsa a asibiti, likita ta tsinci ƙwayoyin cikin ƙusoshi. "Ba farfaɗiya gare ka ba, Baba. Waɗannan da wanda na ba ka ne ba sa shiri a jikin wasu. In ka daina haɗa su, da wuya abin ya dawo." Ta rubuta masa hakan, ta buga hatimi.

Ya yi yawo da takardar nan har ta yage a wurin ninki.

"Ai mun yarda, Ƙadangare," in ji ɗan kwangila, bai ko buɗe ta ba. "Amma in wani abu ya faru, ni za a kama. Za mu neme ka."

Damina biyu ke nan yana jiran a neme shi. Ya zama mai gyaran ƙafar kujera a ƙofar gida, abin yana ci masa rai.

Bana sai ɗakinsa ya fara yoyo, daidai kan gado. Ya zagaya bayan kicin bai ga tsaninsa ba.

"Na kai wa yayana ajiya, Baban yara," in ji matarsa.

"Har da ke? Kina tsaye fa likita ta yi bayani."

"Na ji ta. Amma ni na wanke rigar da aka kawo ka da ita."

Ta ja gadon gefe, ta tara roba. Ya zauna yana kallon rufin. Daga nan ma ya gane matsalar, ƙusa ɗaya ce ta saki, aikin minti biyar. Da robar ta cika, shi ya tashi ya zubar, ya mayar da ita wurinta.