Kaka Rifka ta tafi, ƙarshen littafinta na bakina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni, ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa a Woolwich. Kaka Rifka ta rasu.

Kafin wani ya wuce: mai wannan rubutu babban farfesa ne na adabi a wata jami'a a nan London. Aron shafin yaron nan Sagiru na yi, nawa ya cika da manyan mutane. Don haka a nutsu a karanta.

Kaka Rifka maƙwabciyata ce a gidajen council, wato na ƙaramar hukuma, ƙofarta na kallon tawa. Bayahudiya ce, ta haura casa'in. Littattafai take rubuta wa matasa, labarin yaran Yahudawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Jamus ke bi gida-gida suna kwashe su.

Ba labari aka ba ta ba. Tana cikin yaran.

Wata Asabar cikin hunturu muka saba. Na fito daga lift na gan ta a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗakina akwai sanyi yau." Na ce sannu. Ta ce, "Sanyi sosai fa." Na ce Allah Ya sawwaƙe, na shige abina.

Daga baya aka gaya min. A addininsu ranar Asabar ba a kunna wuta, ba a taɓa waya, ba a rubutu. Kuma ba za ta ce maka kai tsaye ka kunna mata ba, sai dai ta zagayo. Wato heater mai ɗumama ɗakin ce ta mutu, baiwar Allah ta wuni cikin bargo.

Da na gane, sai na mai da abin wasa. In ta ce akwai sanyi, in ce, "Ni kuwa gumi nake, in buɗe miki taga?" Sai ta ɗaga sanda, sannan in kunna.

Na yi mata bayanin cewa a wurinmu jika mijin kaka ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, ka makara, kuma ko mota ba ka da ita."

Da azumi nakan tarar da miya a rataye a ƙofata. Takan ce, "Ci abinka, abin da ba ku ci mu ma ba mu ci."

Da mahaifiyata ta rasu a Kano ban samu zuwa ba. Tsohuwar nan ta jawo 'yar gajerar kujera ta shigo ɗakina ta zauna. Ƙwai ta dafa min. Ta ce haka suke zaman makoki.

Tunda ba ta rubutu ranar Asabar, da baki take gwada min littafin da take kai. Na yayanta ne, Mendel. Wani manomi ya ɓoye su a saman rumfar dabbobi, ita da shi. Mendel ke sulalewa ya samo musu burodi. Ɗan tsokana ne, ya iya kwaikwayon muryar kowa, har ta soja, don ƙanwarsa ta yi dariya ba sauti. Wata rana ya sauka bai dawo ba.

A nan littafin ya tsaya mata. Ta kai shi bakin tsani ta kasa gaba.

Na ce, "Kaka, alƙalami na hannunki, ki dawo da shi mana. Ya yi wa sojojin wayo ya shigo da burodinsa."

Ta ce, "In na dawo da shi, yara za su ɗauka kowa ya dawo. In na kashe shi, ai ban ga gawarsa ba."

Mun daɗe a kan wannan gardama. Wani lokaci har in yi fushi in ce ba zan kunna heater ba sai Mendel ya dawo.

Asabar da ta wuce na shiga, ba ta ma yi zancen sanyi ba. Ta ce, "Zauna, maigida. Na samo ƙarshen."

Na ce a ɗauko takarda. Ta ce yau Asabar. Na zaro waya in ɗauki muryarta, ta ce in mayar aljihu. Na ce to gobe. Ta ce, "Ba kai ka ce min kana da kai ba? Riƙe min zuwa gobe."

Sai ta riƙa faɗa ina maimaitawa, layi-layi, yadda Malam ke biya mana allo. Wato a jami'a. In na karkace kalma ta buga sanda a ƙasa mu koma baya. Turancin ma wani ban san ma'anarsa ba, na dai haddace. Ba ta dawo da Mendel ba, ba ta kuma kashe shi ba. Da muka kai ƙarshe ni ne na fara share ido, ta ce, "Ji miji rago."

Washegari da na dawo daga aiki an riga an tafi da ita asibiti. Ba ta sake magana ba.

Su ma ba sa ajiye gawa, gobe za a binne ta.

Masu shirin yi min wa'azi a comment, don Allah ku bar ni yau. Na san abin da ya halatta in roƙa da wanda bai halatta ba. Lamarinta na hannun wanda Ya halicce ta. Masu son jawo rigimar duniya ƙarƙashin rubutun nan kuma, wallahi na gaji. Maƙwabciyata nake magana a kai.

Ga damuwata. 'Yarta ce ke da iko da littafin yanzu, kuma ba ta ko amsa gaisuwata. Bara na kira ta a waya da muryar ma'aikacin council na ce flat ɗin mahaifiyarta ruwa ya cika shi, ta baro aiki a guje. Kaka ce ta sa ni, don 'yar ta kwana biyu ba ta zo ba. Kaka na gefe tana toshe baki don dariya. To mai shaidata ta tafi. Yanzu ni ne zan shiga gidan makoki in ce wa matar nan ƙarshen littafin mahaifiyarki na wurina, ba takarda, ba murya, sai bakina.

Tun safe nake biya shi. A jirgi na biya, a wurin aiki na biya, har oga ya tambaya ko lafiya.

Ya Allah Ka ba 'yarta da jikokinta haƙuri. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Kada Ka sake nuna wa wani yaro, ko ɗan waye, ranar da zai ɓuya a rumfar dabbobi.

Ku taya ni da addu'a Allah Ya sa kada kalma ɗaya ta suɓuce min, Ya sa kuma matar nan ta saurare ni har in kai aya.

Ba wani farfesa. Sagiru ne, naku, mai wankin mota a Dagenham, wanda iyakar karatunsa allo. Na san in kun ga sunana dariya za ku fara nema. Yau dai, sau ɗaya, ina so a yarda da ni.