Tokar abokina ɗan Polan

Shekarun baya abokina ya mutu a asibiti a Paris, aka ƙone gawarsa. Shi ya ce a yi haka.

Ɗan Polan ne, dattijo. Tare muke ɗaukar siminti a wani shantiye, wurin gini, a Stains kusa da Paris. A ƙasarsu aikinsa tonon tsofaffin garuruwa, amma aikin bai ciyar da shi ba, ya taho Faransa. Ni ban yi boko ba, shi kuwa Faransancinsa ya fi nawa muni. Haka muke hira.

Kullum zancensa ganuwa. Ya ce kakanninsu kowane gari da tasa, ta ƙasa da itace, har wani sarki ya yi ƙarfi, ya ƙone ƙananan, ya gina manya, daga nan ƙasarsu ta fara. In ka tona, sai ka tarar da baƙin gawayi. Na ce mu ma muna da ganuwa a Damagaram. Ya ce, "Taku wa ya tona?" Na ce, "Awaki." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya gaya mini abin da yake so. Na ce, "Tsoho, wuta? Ka bari mu rufe ka kamar mutum." Ya ce, "Mutanen ganuwar nan haka suke yi wa nasu. Kai dai ka kai ni bayan ƙauyenmu, ka zuba tokata a kan ganuwarmu." Ban so ba. Na ce to.

Ba shi da kowa. Ni kuma ba ni da takardu, in na ƙetare iyaka ba lalle in dawo ba. Inda aka ƙone shi suka ce za su ajiye tokar shekara guda. Na yi ta sintiri a firifektir, ofishin da ake ba da takardun zama. Na roƙi wasu 'yan ƙasarsu a shantiye, kowa ya ce bai san shi ba.

Shekarar ta cika. Suka watsa shi a wata 'yar ciyawa cikin maƙabarta. Na je na tsaya. Ban san addu'ar da zan yi masa ba.

Takarduna sun fito daga baya. Yanzu ina Vénissieux, ina lodin kaya a wani sito. Ina iya zuwa Polan ko gobe. Ban je ba, don ba ni da abin kaiwa.