Ƙafata a Gaban Ɗan Fari

Delu mai ƙosai ta fara gaya mini. Ta ce, "Hajiyar gobe, ɗanki ya bar gyaran waya a Tudun Wada, yana can yana haska tulu da jar wuta." Na ce Allah shi kyauta.

Maryam, ke da kike rubutawa, kada ki tambaye ni sunan yayanki. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunan ba.

Tun yana ƙarami a Tsafe ba ya barin abu da rai. Rediyon Malam, ubansa, ma sai da ya ga hanjinta. Ashe wannan karon tsohuwar waya ya haɗa da 'yar fitilar nan mai tsinin jan haske, da gargaren keke. Hasken ya zagaye abu, wayar ta gani, sai siffar abin ta fito a kwamfuta, har lotsawarsa. Wai na kanti kuɗin mota ne, nasa na bunsuru.

To ni ƙafata ta hagu a karkace take tun haihuwa, ba takalmin da ke zama. Ga kujerar Makka ta fito, an ce ƙasar Mina zafi kamar tanda. Ya aiko wai in ba shi ƙafar ya haska, Jatau baduku na Bungudu ya ɗinka daidai ita.

Ni in miƙe ƙafa gaban ɗan fari? Sai da Malam ya sa baki. Na ce to ba zai ga faso ba, na ƙunsa lalle ya kama baƙi ƙirin. Na zauna na rufe fuska da mayafi.

Hasken ya zagaya, sai na ji shi yana gaya wa bango, "A ce wa Inna ba ta da tafin ƙafa."

Na ce wa bangon, "A ce masa da shi na goya shi."

Ashe baƙi shanye hasken yake. Garin dawa anka barbaɗa mini har idon sawu, kamar kifin da za a soya, Delu tana dariya har da tari.

Takalmin ya zauna. Da shi na yi jifan Shaiɗan, na dawo ko kanta babu a ƙafar.

Yanzu yana nan shagonsa a Gusau, masu ƙafa irin tawa na layi, ga kwanon garin dawa a gefe. Daga nawa rumbun yake ɗiba, kuma har yau bango yake tambaya.