Wayar Wuta Mai Kauri da Kiran Inna

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma ɗaga murya a kaina. In tana son magana da ni, sai ta tsaya nesa kaɗan, ta kau da kai, ta ce "kai" can ƙasa-ƙasa. Da wannan na tashi, kuma ko ina ƙofar gida nakan ji shi.

A shekarun da aka fitar da niƙan dutsen zinari daga cikin gidaje, bayan gubar dalma ta kashe yara, ina da injin niƙan dutse a daji wajen Tungar Daji. Daga safe har la'asar ina tsaye a kansa, ƙara kamar ta fasa kai. Da hannu ya ɗan yi maiƙo abokaina suka sayi babura, ni kuwa na sayo amfilifaya da manyan sifiku biyu na kafa a zauren gidanmu a Anka. Ina son kiɗa, ina kuma son a san ina da abu.

Ana nan sai sautin ya fara dushewa. Kalangu na fita, amma zaƙin kukuma ya tafi, mawaƙi kuma kamar da tuwo a bakinsa. Ga wani siririn "ziii" da ba ya yankewa. Na zagi sifiku, na zagi janareta, na zagi wanda ya sayar min.

A daidai lokacin matata ta ce min Inna na fushi. "Ta ce tana kiranka kana wucewa. Ta ce tun da zinari ya shigo gidan ga ka daina amsa ta, Bukkuyum za ta koma wurin ƙanenka." Na fusata, na ce yaushe ta kira ni? Amma maganar ta tsaya min a rai. A ce uwa ta bar gidan ɗanta na fari da ɓacin rai, da wane ido zan dubi mutane? Sai na lallashi kaina cewa rigimar tsufa ce, za ta wuce.

A kasuwar Gusau wani mai kayan lantarki ya dubi siririyar wayar wutar amfilifayata ya yi tsaki. Ya ce wuta na shiga a matse, kamar ruwa a ƙaramin bututu, ina sauti zai buɗe? Ya miƙo min wata baƙa mai kaurin babban yatsa. Kar in zalunce ta, ta yi wani abu: tsohon filogin ya saki, yana ƙarƙar in janareta ya girgiza, sabuwar kuwa ta kama soket gam, ƙarƙar ɗin ya tafi. Amma "ziii" yana nan, har in an ɗauke wuta. Wai ni mai wayo, ko wannan bai sa na yi tunani ba.

Ran wata Juma'a bayan la'asar na tara abokai a zaure, har da maƙwabcina malamin asibiti, wani Kirista mutumin Filato. Na sa tsohuwar waya muka saurara, na sa sabuwa muka saurara. Na ce, "Kun ji bambanci?" Suka ce, "Ƙwarai kuwa!" Kara ce kawai. Wa zai sha shayinka ya ce wayarka banza ce?

Kaina ya kumbura. Na kashe kiɗan don in yi musu bayani, na ba ƙofar cikin gida baya. "Yanzu ko numfashin mai kukuma ina ji," in ji ni. "Wallahi ba abin da ke wuce kunnen nan!"

Sai na ga suna zamewa daga benci ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, kowa idonsa a ƙasa. Na waiwaya. Inna ce tsaye a bakin ƙofa da mayafinta. Ta zo yi min bankwana, ta ce "kai" ta sake, ta sake, kowa a zauren ya ji, ni ina ta zuba. Ta juya ta koma ciki. Kunyar da na ji a ranar, da ƙasa ta tsage da na shige.

Malamin asibiti ya ja ni gefe. Ya murza yatsunsa kusa da kunnena na dama, ya ce me na ji? Na ce ba komai. Ya koma na hagu, na ce ina ji kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Maigida, ba waya ba ce. Injin nan ne ya ci kunnenka."

Na shiga ciki. Inna na zaune a kan tabarma, ƙunshin kayanta a gefe, matata na tsaye a bakin madafa. Na durƙusa na ce, "Inna, ba ƙin amsawa nika yi ba. Kunnena ne ya mutu, yau na sani. Ki yi min gafara."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta daɗe tana kallona. Sai bakinta ya motsa, kalma ɗaya, gajeriya, da wannan muryar tata ta ƙasa-ƙasa. Na ga matata ta dafe baki. Inna ta jawo ƙunshin ta fara kwancewa.

Da muka keɓe na tambayi matata, "Mi Inna ta ce?" Ta matso da bakinta kusa da kunnena na hagu. "Sunanka ta kira."

Inna ta zauna tare da mu har Allah ya karɓi abinsa. In tana nemana sai ta zo ta taɓa min kafaɗa. Sunan kuwa ba ta sake faɗi ba, ni ma ban iya roƙon ta maimaita ba. Sau ɗaya ta kira shi a duniya, ina durƙushe a gabanta, ban ji ba.