Zumar Kaltume Mai Yaye

A zamanin Sarki Dabo an yi wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Kunci, sunanta Kaltume. Ba ta iya kaɗi ba, furarta kuma ba ta sayuwa. Yaye kaɗai ta iya. Mijinta ya rasu ya bar mata amya a kan ɗorawa, saboda haka zuma ba ta yanke mata. Da yaro ya fara kukan nono sai ta tsoma tsumma a zuma ta cusa masa a baki, ya yi barci yana tsotsa. Har daga Makoda ake kawo mata yara.

Yaran da ta yaye ba sa ɓuya: haƙora baƙi ƙirin kamar sun ci gawayi, tsayi kuwa sai haƙuri. Ita dai takan ce gadon gidajensu ne.

Ana nan aka kawo mata jikanta Ɗanliti, ɗan ɗanta Khalilu. Shi ta fi so, don haka shi ya fi shan zuma. Sa'anninsa suka isa korar awaki, shi kuwa akuya ta fi shi tsayi. In tuwo ya taɓa haƙorinsa sai ihu, in ya yi ihu a ba shi zuma.

Khalilu ya zo ya durƙusa.

"Inna, yaron nan ba ya cin abinci. Zan mayar da shi wajen uwarsa."

"Mijin nawa za ka ɗauke?" in ji Kaltume. "Tsutsar haƙori ce, sakarai. Kira wanzami."

Wanzami Uwaisu ya zuba 'ya'yan gauta a garwashi, ya turara bakin yaron, sannan ya nuna wasu farare-farare a ƙoƙon ruwa, ya ce ga tsutsotsin nan sun fito.

"Ka gani ko?" in ji ta. "Zo nan, maigida, ka yi jarumta."

Ta tsoma tsumma ta ba shi tukuici. Zumar na shiga kogon haƙori, Ɗanliti ya ƙwala ihun da ya watsa kajin maƙwabta. Khalilu ya saɓa ɗansa a kafaɗa, ya bi ta cikin gero.

A wajen uwarsa kunun gyaɗa da nono suka riƙe shi har ya yi famfara. Sababbin haƙora suka fito, ya kama tuwo da wake, ya ɗan miƙe, ko da yake har ya yi gemu sai ya taka turmi yake hawan jaki. Ba a ƙara bar wa Kaltume shi ko na yini ba. Ta rasu tana gaya wa duk mai saurare cewa turaren da ta sa aka yi ne ya warkar da shi.