Kujerar Da Na Ƙi Zama A Doha

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi, amma baki kam Allah Ya ba ni, da shi na faɗi wannan aka sa a takarda. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sayar da tuwo a bakin tashar Funtuwa. Direbobin tirela da na bas duk a hannuna suka ci, mota tun tana nesa nake gane mai ita da kukan injinta. A wancan lokacin abu biyu nake taƙama da su, miyata da kunyata. A kaf danginmu da ni ake buga misali kan kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, in an ce yaronki ya yi ƙoƙari sai in kau da kai in ce wane yaro? Haka na ga uwata ta yi wa yayana, ni kuma na ɗauka na ƙara gishiri.

Yaron nan tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Ubansa, Allah Ya jiƙansa, mai walda ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Motar kara yake yi, da ta gwangwanin madara, har da sitiyari mai juya ƙafafun gaba. Wata rana ya kawo wata da ya shafe kwana uku yana yi, ya ajiye kusa da murhuna, ya koma gefe yana satar kallon fuskata. Na gan ta sarai, na ga har ƙofa ya yi mata mai buɗewa. To amma maƙwabta biyu na zaune wurina, sai na ce a kawar min da shara. Ashe ɗauka aka yi aka hura wuta da ita. Bai yi kuka ba. Ni ma ban yi ba, a gabansu dai.

Ya girma ya yi gareji a Kaduna, daga nan ya tafi Doha aikin tuƙi. Kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, mayen tseren mota ne. Da ya ga abin da hannun yaron ke iya yi, sai ya cire shi daga tuƙi ya sa shi a garejinsa. Mutumin nan mota yake so wadda ba kamfani ya yi ta ba, a ƙera ta daga tushe, ita kaɗai a duniya. Ta shiga tseren nan na juriya da ake yi daga rana zuwa rana ba tsayawa, kuma ta samu lamba ta hau titi kamar kowace mota. Shekara uku suna kanta, yaron ne babba a kan ƙarfe. Ana gab da gamawa ya aiko min da takardu, in je in yi wata uku lokacin sanyinsu.

A wani tsohon gida suke zaune a Al Asmakh, lungu ne matsattse, ƙasa shaguna sama ɗakuna. Surukata mutuniyar kirki ce, ita ke kai ni kasuwar Abu Hamour mu zaɓo kuɓewa da alayyafo ina yi musu tsiya cewa ganyensu ba ya da ƙamshin ƙasa. Shi kuwa ya san halina, ba ya fuskantata da zance. In ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni, sai ya zauna bakin ƙofa yana ba matarsa labarin mota da murya sama-sama, ita da ba ta san birki da kuloci ba. Ya ce tseren nan ba na wanda ya fi gudu ba ne, na wanda ya fi haƙuri ne, direba uku ke karɓa-karɓa, mota kuwa ba mai karɓarta, ko ƙusa ɗaya ta saki an gama. Ya ce mai wuyar ma shi ne a sa dokin sukuwa ya yarda da linzami, a yi mata fitila da sigina da madubi da goge gilashi, a danne ƙararta, in ba haka ba masu duba mota ba za su ba da lamba ba. Ni ina jan carbi ina ji, ko kalma ba ta wuce ni. Amma abin da ke fita bakina shi ne in ce wa surukata, tambayi mijinki buhu nawa take ɗauka. Ya ce ko ɗaya. Na ce fasinja fa? Ya ce ɗaya tak. Na ce to wannan ai ba mota ba ce, takalmi ne. Ya yi dariya, ni ma na ji daɗin bakina.

Sau ɗaya na yarda aka kai ni garejin, can unguwar masana'antu. Da na shiga sai idona ya sauka kan motar. Ga ta a ƙasa kamar kwaɗo ya yi shirin tsalle, cikinta kejin bututun ƙarfe, kowace mahaɗa an yi mata walda sumul kamar ɗinkin hular zanna. Na san hannun, hannun ubansa ne, ya ma fi. Jikinta kuma wani baƙin saƙi ne kamar tabarma, wai da danƙo ake jiƙa shi a gasa ya fi ƙarfe tauri. Abokin aikinsa, wani Kirista ɗan Jos mai haɗa wayoyin wuta, ya tare ni da fara'a yana cewa Mama kin haifi mutum, Larabawa ma layi suke yi su kalli waldarsa. Na ce ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ya ce Mama, ai ya wuce arba'in ɗin, ga yatsun nan kuma goma cif. Aka yi ta dariya. Daga nan suka nuna min yadda ake yin kujera: mutum ya zauna kan wata jakar leda, a zuba kumfa a ciki, ta kumbura ta daskare daidai bayansa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce wa abokin nasa, ko Inna za ta zauna a zuba na gefen direba? Na ce ni? A gaban ƙattin maza in baje a leda kamar ƙullun alala? Na ja mayafina na fita.

Bayan kwana biyu surukata ta zo da tef ɗin awo, wai abaya za a ɗinka min. Ta sa ni na zauna, ta auna daga gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa wuya, har ta tambayi ta wane gefe ƙashin ƙuguna ke ciwo. Na ce wannan tela likita ne? Ta ce Inna, haka telolin nan suke. Ban kawo komai a raina ba.

Sau biyu masu dubawa suna dawo da motar, na farko ƙara ta yi yawa, na biyu fitilun gaba sun yi ƙasa. Na ga yaron ya rame, ni kuma na ƙara masa nama a miya. A na uku ta wuce, aka ɗaura mata lamba. Kwana uku kacal ya rage a sa ta a jirgi zuwa ƙasar da za a yi tseren. Sai surukata ta same ni ta ce mijinta ya roƙi maigidansa alfarma ɗaya, cewa mutum na farko da zai zauna a gefen direba uwarsa ce. Balaraben ya dafa ƙirji ya ce halas, wato shi ke nan, uwa ai gaba take da kowa, ranar Juma'a motar taka ce.

An sauko daga masallaci na ji ta tun daga bakin titi. Na riga na yi wanka, na sa turare, na ɗaura zanen da na zo da shi ban taɓa sawa ba. Ku shaida, na yi niyya. Da shi kaɗai ya zo, da na sauka. Amma labari ya riga ya zaga, 'yan Arewa masu gadi da direbobi da ke hutun Juma'a suka cika lungun, kowa ya ɗaga waya. Ina kan matakala na ji wani ya ɗaga murya yana cewa ina uwar injiniya, yalla, maza ta fito ta ga abin da ɗanta na fari ya yi! Na ja na tsaya. Shekara arba'in da wani abu ban amsa sunan uwarsa a bainar jama'a ba, yau in fito ana ɗauka a waya har ya kai Funtuwa? Na koma ɗaki na ce wa surukata ta faɗa masa ciwon ƙuguna ya tashi. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata ta ce Inna, don Allah, ko zuwa bakin teku ne ku dawo. Na ce kul, ki bar ni.

Ta bayan labule na leƙa. Ya kashe injin, ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen direba, ya tsaya yana riƙe da ita. Mutane suka gaji suka watse ɗaya bayan ɗaya. Lungun ya zama ba kowa sai shi, da a lokacin na sauka da ba wanda zai gan ni, amma na riga na ce ƙugu, girman kai bai bar ni in janye maganata ba. Sai da aka kira la'asar ya rufe ƙofar a hankali ya ja ta ya tafi. Da ya dawo ya durƙusa yadda ya saba, ya ce Inna ya jikin? Na ce da sauƙi. Daga ranar bai sake zama bakin ƙofa yana ba matarsa labarin mota ba.

Na dawo gida. Ranar tseren ban ci abinci ba, carbi na riƙe har surukata ta bugo ta ce motar ta kai ƙarshe, ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma da yawa sun mutu a hanya ita ko tari ba ta yi ba. Na shiga ɗaka na yi guɗa a cikin matashi. Da ya karɓi wayar kuwa, abin da na ce masa shi ne, ka ci abinci?

Bayan wata biyar wani direba da ya dawo hutu ya kawo min saƙo, dabino da abaya da wani ƙaton kwali. Kujerar ce. Ashe in za a shiga tsere cire ta gefen direba ake yi, shi kuma ya roƙa aka bar masa. Na rufe ƙofa na zauna. Jama'a, ta karɓe ni kamar hannu. Bayana ya kwanta, ƙafata ta taɓa ƙasa daidai, ta hagu inda ƙuguna ke ciwo an yi wani ɗan kwari an cika shi da soso mai laushi. Sai a lokacin na gane telan abaya. Motar yanzu tana wata ƙasa, an ce ba za ta dawo ba, ni kuma likita ya hana ni doguwar tafiya. Kullum bayan la'asar ina zama a kanta in rufe ido, in ce yanzu mun fita lungu, yanzu ga teku ta dama, ga shi a gefena yana canza giya.

'Yan uwana mata, ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, da ita aka san mu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ni na ajiye abu a ciki har ya wuce lokacinsa. Kunyar da za ta sa ɗanki ya tsaya a rana riƙe da ƙofa ba kunya ba ce, son a yabe ki ne. Waɗanda na ji tsoron bakinsu ba wanda ya tuna ranar, ni da shi ne kawai muke ɗauke da ita. In yaro ya kawo miki abin da hannunsa ya yi, ko na kara ne, ki duba, ki ce ya yi kyau tun yana tsaye a wurin.

Shi kuma, na san akwai mai karanta masa wannan a Doha. Har yanzu bakina ba zai iya kiran sunanka ba. Amma motar karan nan, na ga ƙofarta tana buɗewa. Wannan ma na gani. Allah Ya yi wa hannunka albarka.